Da Waɗanne Shafukan Intanet Zan Koyar da Kimiyyar Ƙasa, Sararin Samaniya da Muhalli?

Tambaya: Ni malama ce a makarantar sakandare, kuma an ɗora mini koyar da darussan da suka shafi ƙasa, sararin samaniya da muhalli, alhali ba fannin da na karanta ba ne. Na tara adireshin shafuka da bidiyoyi masu yawa, amma na rasa wanda zan kama da wanda zan saki, ga shi kuma intanet ɗin makarantarmu ba ta da ƙarfi. Da wanne zan fara, kuma yaya zan yi amfani da su a aji?

Amsa: Malama, tambayarki ta faranta mini rai, domin na shafe shekaru ina koyar da wannan fanni tare da horar da malamansa, kuma damuwar da kika kawo ita ce wadda na fi ji daga bakinsu. Shafuka sun yi yawa har sun zama kaya, saboda haka kafin in ambaci ko ɗaya zan ba ki ma'aunin da ni kaina nake tace su da shi. Duk shafin da na buɗe, abin da nake tambaya shi ne, shin yana miƙa wa ɗalibi hujjar da masana suka yi aiki da ita, ko kuwa yana gaya masa sakamakon ne kawai ya haddace? Wannan fanni ya yi sa'a da ba kowane fanni ya yi ba, domin hukumomin da ke auna girgizar ƙasa, da iskar sama, da yanayin teku, da motsin taurari suna sakin alƙalumansu a fili kyauta, wasu ma cikin sa'o'i kaɗan bayan an auna. Ɗalibarki 'yar shekara goma sha huɗu za ta iya duba lambobin da farfesa yake dubawa a rana guda. Shafukan da suke ba da wannan dama su ne na gaba a wurina, kuma ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba.

Ki fara da girgizar ƙasa, ko da ba ita ce a farkon manhajar karatunku ba, domin babu darasin da ya fi nuna wa ɗalibai yadda ake fitar da ilimi daga alƙaluma. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, tana da taswira da ke nuna girgizar ƙasar da na'urori suka kama a faɗin duniya, kuma ana iya zaɓar na kwana ɗaya, na mako ɗaya ko na kwana 30, tare da ƙarfin kowace da zurfin inda ta taso. Ki zaɓi masu ƙarfin 4.5 zuwa sama na kwana 30, ki ba ɗalibai taswirar duniya wadda babu komai a kanta sai iyakokin nahiyoyi, su riƙa ɗiga kowace girgiza a wurinta. Kada ki ambaci faifan ɓawon ƙasa tukuna. Kafin su ɗiga ɗari, wani daga cikinsu zai lura cewa ɗigon ba warwatse yake ba, ya jeru ne a layi-layi, ya kewaye tekun Fasifik, ya ratsa tsakiyar tekun Atilantika daga arewa zuwa kudu, ya bi ta Turkiyya da Iran zuwa tsaunukan Himalaya. Sa'ad da suka gano layukan da hannunsu, sai ki gaya musu cewa abin da suka zana shi ne bakin manyan faifan da ɓawon ƙasa ya kasu gida-gida, waɗanda suke motsi da 'yan santimitoci kaɗan a shekara, kusan yadda farce yake tsiro.

A darasi na biyu ki sa su bambanta ɗigon da launi bisa zurfi, domin a nan ne abin yake daɗi. A tsakiyar Atilantika za su tarar duk girgizar ba ta da zurfi, saboda a can faifai biyu ne ke rabuwa, narkakken dutse yana tasowa yana cike gibin. Amma idan suka duba yammacin Kudancin Amurka, za su ga girgizar da ke bakin teku ba ta da zurfi, kuma yayin da ake nausawa gabas cikin nahiyar zurfin yana ƙaruwa har ya kai kusan kilomita 600. Ki tambaye su wace irin siffa ce a ƙarƙashin ƙasa za ta haifar da wannan tsari, ki bar su su yi gardama. Amsar ita ce faifan Nazka da ke ƙarƙashin teku yana nutsewa a karkace ƙarƙashin nahiyar, kuma ɗigon nasu ya fito da hoton abin da babu idon da ya taɓa gani. Lokacin da Alfred Wegener ya gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi suna tafiya a 1912, yawancin masana sun ƙi karɓa domin ya kasa bayyana ƙarfin da ke tura su, kuma sai a shekarun 1960 aka yarda, bayan an auna ƙasan teku an kuma samu irin waɗannan alƙaluman girgiza. Yana da kyau ɗalibai su san wannan tarihi, su ga cewa hujja ce ta sauya ra'ayin masana. Ki kuma gyara musu wani kuskure da ya yaɗu game da ma'aunin ƙarfi, domin tazarar da ke tsakanin 6 da 7 ba ƙarin ɗaya ba ce kawai, makamashin da ake saki yana ninkuwa kusan sau 32, wanda ke nufin tsakanin 6 da 8 ninki ne kusan dubu. Girgiza mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Chile a 1960, mai ƙarfin 9.5. Idan kina so ki ɗora duwatsu masu aman wuta a kan taswirar, cibiyar Smithsonian tana da kundin duwatsun duniya da rahoton mako-mako, kuma ɗalibai za su ga yawancinsu sun bi layukan da suka riga suka zana.

Daga nan sai hotunan tauraron ɗan'adam. An harba Landsat na farko a 1972, kuma tun daga lokacin jerin taurarin wannan shiri suke ɗaukar hoton doron ƙasa ba yankewa, har zuwa Landsat 9 da aka harba a 2021. A da sayar da hotunan ake yi, amma a 2008 aka buɗe kundin kyauta ga kowa, kuma wannan mataki ɗaya ya sauya yadda ake binciken muhalli a duniya. Ba sai kin koyi sarrafa ɗanyen hoton ba, domin Google Earth yana da sashen da ake kira Timelapse wanda ya jera hotunan shekara-shekara tun daga 1984. Misalin da na fi so shi ne tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 68,000, yana na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. An karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya da ke ciyar da shi domin noman auduga, sai ruwan ya riƙa janyewa, har a 2014 ɓangaren gabas na kudancinsa ya ƙafe ƙurmus. Abin da yawancin malamai suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci a ganina, shi ne ɓangaren arewa, inda aka gina madatsar Kok-Aral a 2005, ruwa ya ƙaru, gishiri ya ragu, kifi ya dawo. Ɗaliban da aka cika wa kunne da labarin ɓarna kaɗai sukan yanke ƙauna su daina sauraro, shi ya sa nake so su ga hoton da ke nuna cewa shawarar mutane ce ta ɓata wurin kuma shawarar mutane ce ta farfaɗo da wani sashe nasa. Bayan Aral, ki bar kowane rukuni ya zaɓi wurin da yake so, birni ko daji ko bakin kogi, ya kwatanta 1984 da yau, ya ƙiyasta faɗin abin da ya sauya ta hanyar ɗora takarda mai gidaje-gidaje a kan hoton.

Shafin Worldview na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, kuma aikinsa daban ne, domin yana nuna duniya baki ɗaya kamar yadda take yau, da kowace rana ta baya har zuwa shekarar 2000, kuma ana iya ɗora masa bayanin gobara, ƙura, zafin saman teku ko hasken birane da dare. Ki koma da ɗalibai watan Yuni na 2020 su bi wata gagarumar ƙura da ta taso daga hamadar Sahara ta ƙetare Atilantika har yankin Karebiyan, su auna nisan da take yi kowace rana, su fitar da saurin iskar da kansu. Irin wannan ƙura tana kai sinadarin fosforas, wanda taki ne ga tsirrai, dajin Amazon, abin da ke nuna wa ɗalibi a zahiri cewa ƙasa da iska da teku da tsirrai tsari ɗaya ne mai haɗe da juna. In kuma kina buƙatar hoto mai fitar da ƙananan abubuwa, taurarin Sentinel-2 na shirin Copernicus na Tarayyar Turai suna ɗaukar hoton da kowane ɗigo a cikinsa mita 10 ne, suna kuma komawa wuri ɗaya kusan kowane kwana biyar, alhali ɗigon Landsat mita 30 ne.

A kan sauyin yanayi, shawarata ita ce ki ajiye bidiyoyi gefe ki fara da jeri ɗaya na lambobi. A 1958 Charles David Keeling ya fara auna yawan iskar kabon dayoksaid a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, a tsayin kimanin mita 3,400, kuma ana ci gaba da awon har yau. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wato NOAA, da cibiyar binciken teku ta Scripps suna wallafa alƙaluman wata-wata, kuma fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, ana iya buga shi a takarda. Da aka fara awon, adadin yana wajen kashi 315 cikin miliyan, ya taɓa 400 a karon farko a 2013, yanzu kuma ya haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu yana wajen 280. Ki raba shekarun ga ɗalibai, kowane rukuni ya zana na shekara biyar a takardar zane, sannan a manna su a jere a bango. Abu biyu za su bayyana. Na farko, layin yana hawa, kuma hawan yana ƙara tsanani, domin a shekarun 1960 ƙarin bai kai kashi ɗaya a shekara ba, yanzu kuwa ya wuce biyu. Na biyu, layin yana da haƙora kamar zarto, yana kai ƙololuwa a watan Mayu yana sauka zuwa Satumba ko Oktoba. Ki bar su su nemo dalilin haƙoran. Dalilin shi ne mafi yawan busasshiyar ƙasa da dazuzzukan duniya suna arewacin layin ikwaita, saboda haka idan tsirran can suka yi ganye sai su zuƙe iskar, idan ganyen ya zube ya ruɓe sai ta koma sama.

Kusan kullum akan samu ɗalibi mai kaifin basira da zai ce, ai Mauna Loa dutse ne mai aman wuta, yaya za a yarda da awon da aka yi a kansa? Kada ki danne wannan tambaya, domin ita ce mafi kyau da za a yi a darasin. Masu awon suna gane lokutan da hayaƙin dutsen ya gauraya da iskar kuma suna ware su, sannan akwai tashoshi a wurare masu nisa da juna, ciki har da tsakiyar Antatika da arewacin Alaska da tsibirin Samowa, waɗanda alƙalumansu ke shafin NOAA ɗin, kuma duk suna nuna hawa iri ɗaya. Ki sa shi ya zana na Antatika ya ɗora a kan na Hawai, zai ga layin ya hau tare amma haƙoran sun yi ƙanana, wanda kuma ya ƙara tabbatar da bayanin tsirrai. A nan ma ya kamata ki raba musu abubuwa biyu da suke yawan cakuɗawa, wato ɗumamar yanayi da ramin da ya samu a rufin iskar ozon, wanda ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Ramin ozon, wanda masu binciken Birtaniya suka ba da rahotonsa a 1985, sinadaran da ake sa wa firji da gwangwanin feshi ne suka jawo shi, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana su, rufin yana farfaɗowa a hankali. Ɗumamar yanayi kuwa daga iskokin da ke riƙe zafi take, musamman wadda ke fita daga ƙona kwal da man fetur da gas.

Game da sararin samaniya, idan abu ɗaya kaɗai za ki sauke, to ki sauke Stellarium. Manhaja ce ta kyauta wadda ke nuna sama kamar yadda take daga kowane wuri a duniya a kowane lokaci, kuma da zarar an saka ta a kwamfuta ba ta buƙatar intanet. Ana iya gaggauta lokaci a ga rana ta fito ta faɗi cikin daƙiƙoƙi, a bi Zara a ga yadda take zama tauraruwar yamma wani lokaci ta koma ta asuba, a nemo Kaza da 'Ya'yanta, ko a matso kusa da Jupita a ga manyan watanninsa huɗu da Galileo ya hango a 1610. Sai dai ina roƙonki kada ki bari manhajar ta maye gurbin sama. Tsarin da ya fi yi mini aiki shi ne ɗalibai su fara zana wata da idonsu, a lokaci ɗaya bayan faɗuwar rana, kullum har mako biyu daga tsayuwarsa, suna rubuta siffarsa da inda yake a sama, sannan a buɗe Stellarium a gwada. Yawancin ɗalibai, har da manya masu ilimi, sun ɗauka inuwar duniya ce ke rufe wani sashe na wata ta sa ya zama jinjiri. Gaskiyar ita ce rabin wata a haske yake kullum, abin da ke sauyawa shi ne yawan rabin mai hasken da ke fuskantarmu yayin da yake kewaya duniya, zagayen da ke ɗaukar kimanin kwana 29 da rabi daga tsayuwa zuwa tsayuwa. Inuwar duniya tana faɗa wa wata ne a lokacin husufi kaɗai, kuma hakan ba ya faruwa sai wata ya cika. Ɗalibar da ta lura da kanta cewa jinjirin wata kullum kusa da rana yake, cikakken wata kuma yana fitowa ta gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa ta yamma, ba za ta sake yin wannan kuskure ba.

Kuskure na biyu mai taurin kai shi ne zaton cewa zafi da sanyi na shekara suna zuwa ne saboda kusanci ko nisan duniya da rana. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kimanin kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152, kuma a Janairun nan ne Turai take cikin tsananin sanyi yayin da Ostareliya take cikin zafi. Karkatar duniya da digiri 23.4 ita ce sanadi, domin ita ke sauya tsayin rana a sama da tsawon yini. A Stellarium ki tsayar da agogo a tsakar rana, ki riƙa tsallaka wata-wata, sau ɗaya daga wani birni na arewa, sau ɗaya daga na kudu, su ga yadda ranar take hawa a nan tana sauka a can. Don abubuwan da ba a iya gwadawa a aji, kamar abin da zai faru da zagayen duniya idan nauyin rana ya ragu, ko yadda iskokin da ke riƙe zafi suke tare hasken da ƙasa ke mayarwa sama, akwai PhET na jami'ar Colorado, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a fizis, ya kafa a 2002. Gwaje-gwajensa na kwaikwayo kyauta ne, ana sauke su a yi aiki da su ba intanet. Sharaɗin amfaninsu shi ne ɗalibi ya rubuta hasashensa kafin ya taɓa maɓalli, in ba haka ba wasa kawai zai yi.

Akwai abu ɗaya da allo ba ya iya koyarwa da kyau, wato girman tazara da tsawon zamani, domin kowane zane na duniyoyin da ke kewaya rana dole ya matse su don su shiga shafi. Ki fitar da su fili, ki ce tazarar rana da duniya mita ɗaya ce. A wannan ma'auni Jupita yana mita 5, Neftun yana mita 30, tauraro mafi kusa da rana kuma yana nisan kusan kilomita 270. Don tarihin ƙasa kuma ki samo igiya mai tsawon mita 45, kowace santimita ta tsaya a madadin shekara miliyan ɗaya, tunda shekarun duniya sun kai kimanin biliyan 4.5. Manyan dabbobin dainoso sun ƙare ne santimita 66 kafin ƙarshen igiyar.

Yanzu ga wani gargaɗi da nake ganin ya fi kowane adireshi daraja. Hotunan da ɗalibai za su gani a waɗannan shafuka kala uku ne, kuma wajibi ne su iya bambanta su. Akwai abin da aka auna, kamar hoton Landsat ko alƙaluman Mauna Loa. Akwai abin da kwamfuta ta ƙididdige, kamar kyawawan taswirorin iska masu motsi na Windy da makamantansa, waɗanda sakamakon lissafin hasashen yanayi ne da aka gina a kan awo, shi ya sa idan kika sauya daga lissafin cibiyar Turai zuwa na Amurka a shafin za ki ga sun ɗan saɓa. Akwai kuma abin da mai zane ya suranta, kamar hotunan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari masu teku da tsaunuka, waɗanda babu na'urar da ta taɓa ganin fuskarsu. Ko a cikin abin da aka auna akwai buƙatar lura, domin na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba a 25 ga Disamba 2021, tana ɗaukar galibi hasken da ido ba ya gani ne, kuma launukan hotunanta masana ne suka sanya don wakiltar tsawon zangon hasken. Haka nan shafin Global Forest Watch yana nuna inda bishiyoyi suka ragu, amma tauraron ba ya faɗin ko sarewa aka yi don noma, ko gobara ce, ko girbin bishiyoyin da aka shuka ne za a sake dasawa. Ki saba musu da tambayoyi uku a kan kowane hoto: wa ya samar da shi, da wace na'ura, kuma a wace rana. Hoton da ke yawo a kafafen sada zumunta wanda ba ya amsa waɗannan, kada ya shiga ajinki.

Idan ɗalibai sun fara sabawa, ki matsa da su daga karɓar alƙaluma zuwa bayar da su. Shirin GLOBE, wanda ya fara aiki a 1995, yana haɗa makarantu a ƙasashe fiye da ɗari, yana da ƙa'idojin auna ruwan sama, zafin ƙasa, gajimare da tsayin bishiya da kayan aiki masu sauƙi, kuma ana iya kwatanta rahoton gajimaren da aka tura da abin da tauraron ɗan'adam ya gani daga sama a lokacin. A dandalin Zooniverse kuma jama'a suna taimaka wa masana tantance hotuna, kuma ta wannan hanya ce a 2007 wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta lura da wani baƙon gajimaren gas kusa da wani gungun taurari, wanda har yau da sunanta ake kiransa. Gwajin da na fi ƙauna kuwa ya girmi intanet da fiye da shekara 2,000. Eratostenis, wani masani cikin Girkawan da, ya kwatanta inuwar tsakar rana a Iskandariyya da Aswan na ƙasar Masar, ya sami bambancin kimanin digiri 7, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, ya fitar da kewayen duniya daga nan. Ki nemi wata makaranta da ke arewa ko kudu da taku da nisan kilomita ɗari da yawa, ku kafa sanda a tsaye a rana ɗaya, ku auna inuwa mafi gajarta, ku yi musayar sakamako ta saƙon waya. Kowane digiri ɗaya na bambanci yana daidai da kimanin kilomita 111, kuma aji mai kula zai kusanci kilomita 40,000.

Ke kanki, tunda ba fanninki ba ne, kina buƙatar inda za ki riƙa karatu. OpenStax na jami'ar Rice yana da cikakken littafin ilimin taurari na matakin shiga jami'a da ake saukewa kyauta. Shafin Earth Observatory na NASA yana fitar da hoto tare da gajeren bayani mai inganci, kuma karanta guda a kullum zai gina ki cikin zango ɗaya fiye da yadda kike zato. Cibiyar SERC ta kwalejin Carleton ta tara tsare-tsaren darussa da malaman fannin suka rubuta, sai dai an tsara su ne bisa makarantun Amurka, don haka ki ɗauki dabarar ki daidaita ta da manhajarku. Don alƙaluman sauyin yanayi da za ki tsaya a kansu, ki koma ga taƙaitattun rahotannin kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda rahotonsa na shida ya nuna cewa zafin duniya a 2011 zuwa 2020 ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Selsiyus. Bidiyo yana da amfani ga abin da ba a iya kawowa aji, kamar aman wutar dutse, amma ya kasance gajere kuma ya zo bayan ɗalibai sun yi hasashe. Yawancin shafukan nan da Turanci suke, sai dai taswira da lambobi ba su da yare, kuma babu abin da ya hana ki yi bayanin da harshen da ɗalibanki suka fi fahimta, ki kuma bar su su yi gardamarsu da shi.

Batun raunin intanet bai kamata ya tsayar da ke ba, domin kusan duk abin da na lissafa ana shirya shi ne sau ɗaya a wurin da sadarwa take da ƙarfi. Ki sauke Stellarium da gwaje-gwajen PhET uku ko huɗu da za ki buƙata, ki ajiye jerin girgizar ƙasa da alƙaluman Mauna Loa a matsayin fayil ɗin Excel, ki ɗauki hoton allo na Aral a shekaru biyar ko shida mabambanta da na ƙurar 2020 kwana-kwana, kina rubuta kwanan wata da sunan hukumar a ƙarƙashin kowanne. Kada ki dogara da buɗe shafi kai tsaye a gaban aji, domin shafuka sukan sauya fasali ko adireshi ba sanarwa, kuma minti goma na jiran hoto ya buɗe ya isa ya watsa hankalin yara arba'in. A zangon farko ki tsaya a kan darussa uku kacal, wato taswirar girgizar ƙasa, layin Keeling a bango, da zanen wata na mako biyu. Na watan shi ne ke da ƙayyadadden lokaci, saboda haka ki duba ranar da wata mai zuwa zai tsaya a Stellarium tun yanzu, ki raba wa ɗalibai takardun zanen kwana biyu kafin ranar.